Fitilar keke a titunan Kaduna bayan magariba

Hafsat: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Hafsat ce daga nan Kaduna, ina tare da Bashir, sai kuma Kawu Lawal da ya shigo mana yau da ƙura har a gira. Kawu, sannu da hanya.

Kawu Lawal: Yawwa 'yata, sannunki. Tun daga Kakuri na kwaso ta. Mai hawan keke a hunturun garin nan ai ba ya sayen hoda.

Hafsat: To ni dai da ƙorafi na zo. Shekaranjiya bayan isha'i ina tuƙi a titin Nnamdi Azikiwe zan nufi Mando, saura ƙiris in kwashe wani bawan Allah a kan keke. Baƙar riga, babu fitila gaba, babu baya. Abin da ya cece mu duka, ɗan abin nan mai sheƙi da ke jikin feda. Na hango wani abu ruwan ɗorawa yana sama yana ƙasa, kafin ƙwaƙwalwata ta ce keke ne har ƙafata ta kai birki. Sai da na sauka gefen titi na yi ta salati.

Kawu Lawal: Allah Ya kiyaye gaba. Kin san tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023, kekunan da suka shekara a jingine a zaure duk aka kakkaɓe su. Aka sa taya, aka sa birki, aka manta da fitila. Mutum yana ganin tunda shi yana ganin motar, direban ma yana ganinsa.

Bashir: Kawu, ku a zamaninku ai da dainamo kuke yi ko?

Kawu Lawal: Ƙwarai. Raleigh ɗina na farko da dainamonsa ya zo, mai kamar ƙaramar kwalba, ka danna shi ya kwanta a gefen taya. Bolt 6, wat 3, ƙwan fitila ɗan mitsitsi mai jan haske. Ba caji, ba batir, ƙafarka ce Nepa. Amma yana da halin tsiya: kana tsayawa ya mutu. Ka iso mahaɗar titi, wurin da ka fi buƙatar a gan ka, nan ne za ka koma duhu. In aka yi ruwa kuma ya dinga sulɓi a jikin tayar, hasken na zuwa na ɗaukewa.

Bashir: Yanzu kuma matsalar ta juye. Haske ya yi arha, ƙarya ma ta yi arha. Ni da nake gyaran waya, kusan kullum sai an kawo mini irin fitilun nan in duba. Za ka ga kwali an rubuta lumen 10,000, abu bai kai babban yatsa ba.

Hafsat: Tsaya tukuna, mene ne lumen ɗin?

Bashir: Ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa ne, Yaya Hafsat. Ki ɗauki motarki: ƙwan fitilar gaba na da, idan kin sa ta ƙasa, wajen lumen 1,000 yake bayarwa zuwa 1,500. To ya za a yi 'yar tocilar da ake shimfiɗawa a tire ta ninka motarki sau goma? Da gaske ne da ta ƙone hannun mai riƙe ta. Haka batirin. Wanda aka fi sa musu shi ne 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na kirki a cikinsu bai wuce wajen 3,500 mAh, ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa. Duk wanda kika ga an buga masa 9,900, ki ɗaga shi a hannu, za ki ji shi sakayau kamar kara.

Kawu Lawal: To ɗana, nawa ne ya ishe ni? Ka faɗa mini da Hausa.

Bashir: Ya danganta da inda kake bi, Kawu. In titin Ahmadu Bello ne ko Independence, inda hasken shaguna da motoci ya cika ko'ina, ba hanya kake nema ka gani ba, so kake a gan ka. A ganina lumen 100 zuwa 200 na gaskiya ya wadatar. Amma da zarar ka karya ka shiga lungunan Rigasa ko Hayin Banki an ɗauke wuta, ga rami, ga kwata a buɗe, ga akuya kwance tsakiyar hanya, to ka nemi 400 zuwa 800. Ka lissafa: mai tafiyar kilomita 20 a awa yana cin mita 5 da rabi a daƙiƙa guda. In fitilarka mita 5 take kaiwa, ganin ramin da faɗawarka a lokaci ɗaya ne.

Kawu Lawal: Wannan gaskiya ne. Ni kuma bari in faɗa muku wautar da na yi. Na sayi tocilar goshi, irin ta maharba, na ce shi ke nan na huta. Ranar da hazo ya sauka sai na ga kamar an rataya mini farin labule a fuska. Hasken yana dukan ƙurar yana dawowa cikin idona. Na biyu kuma, rami ya daina nuna kansa. Titi ya zama shafal, sai ji na yi tayar gaba ta zurma.

Bashir: Dalili ke nan, Kawu. Inuwa ce ke tona asirin rami. In hasken daga saitin idonka yake fita, inuwar tana ɓuya a bayan abin, ba ka ganinta. In kuwa yana ƙasa, a kan keken, sai inuwar ta miƙe ka gane zurfin. Tocilar goshi tana da amfani wajen leƙa kwana ko gyaran sarƙa in ta zame, amma ba ita ce uwar fitila ba.

Hafsat: Ni kuma masu kashe mini ido fa? Akwai samarin da ke ɗaura fitila kamar ta filin ƙwallo su saita ta daidai fuskar direba. Wallahi daƙiƙa biyu nake yi ban ga komai ba, shi kansa mai keken ya ɓace mini.

Bashir: Ai ya cuci kansa. A Jamus doka ce, fitilar keke sai hasken ya yanke daga sama kamar ta mota, ya zube a titi. Irin namu galibi zagaye suke watsa shi, rabi a titi, rabi a rassan bishiya. Maganin kyauta ne: ka tsai da keken taku biyar ko shida daga bango, ka sunkuyar da ita har tsakiyar hasken ya sauka ƙasa da tsayin fitilar. Sannan ka ba yaro ya riƙe, ka je gaba ka juyo ka kalla. In ka runtse ido, ƙara sunkuyarwa.

Hafsat: Amma ni a matsayin direba, in kuɗin mutum na fitila ɗaya ne, ta baya zan ce ya saya.

Kawu Lawal: Haba 'yata, ya shiga duhu da ka?

Hafsat: Kawu, abin da ke gabanka kana da ido, kana da birki, za ka iya sauka ka tura. Tifar da ta taho ta bayanka daga gadar Kawo fa? Ba ka da abin yi sai direban ya gan ka. Ja a baya, fari a gaba, kuma don Allah a bar shuɗi da kore, ba gidan biki ba ne. Mai ƙyaftawa tana jan ido da wuri, ban musa ba, da yamma liƙis ko cikin hazo tana da kyau. Amma cikin duhu sosai na kasa gane nisanta, ko mita 20 ce ko 100. Wadda ke ci ɗif ta fi mini.

Kawu Lawal: To kin ci ni. Sai dai in ƙara abin da ku biyun ba ku sani ba, don ba ku hawa da manyan kaya. Fitilar bayan a ƙarƙashin sirdi ake ɗaura ta. Ka sa kaftani ko babbar riga, ka zauna, bayan rigar ya sauko ya lulluɓe ta ruf. Na yi wata guda ina yawo da fitila a kunne tana haska cikin rigata. Wani ɗan acaɓa ne ya ce, Baba, wutarka a aljihu take. Haka in ka ɗora buhu ko jarka. Yanzu a ƙarshen kariyar ɗora kaya na ɗaure ta.

Bashir: Allah Ya ja kwana, Kawu. Saura maganar ruwa. Ruwan Agusta ba ya tausayin fitila. A duba jiki ko kwali, in an sa IPX4 tana jure feshi, IPX6 ta fi. 'Yar robar da ke toshe bakin caji kuma kada a yar da ita, ta nan ruwa da ƙura ke shiga, yawancin waɗanda ake kawo mini a mace nan ne suka yi tsatsa. Kada kuma a yarda da awannin da aka rubuta, galibi na ƙaramin haske ne. A babban haske awa ɗaya zuwa biyu ne, tana zafi ma ta rage kanta.

Hafsat: Da wannan wutar tamu, yaushe mutum zai yi cajin?

Kawu Lawal: Ni a wurin aiki nake yi, da wayar cajin wayata. Shi ya sa na fi son mai cirewa. Dama ko ba caji dole ka cire, ka jingine keke a ƙofar masallaci ko Kasuwar Barci da fitila a kai, ka dawo ka tarar da igiyar roba kawai. Ita ma robar rana na cinye ta, sai na sa aka lanƙwasa mini ɗan ƙarfe a Panteka, aka ɗaure da noti, fitilar na zarewa, mariƙin na nan.

Bashir: Miƙo ta bayan in gani, Kawu. A'a, ai alamar cajinta ja take nunawa, batirin ya kusa ƙarewa.

Kawu Lawal: Jiya ba a kawo mana wuta ba. Hafsat, akwai soket a kusa? A jona mini kafin a kira magariba, har Tudun Wada zan kai.

Hafsat: Ga shi nan bayan kujerarka, cire cajar Bashir ka sa taka. Jama'a, mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.