Na'ura za ta iya faɗa mana wa zai ci zaɓe?

Sadiq: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa, daga nan Kaduna muke kamar kullum. Malam Bala sannu da hanya, na san ka sha go-sulo a Kawo. Anti Hauwa ke kika kawo maganar yau, bismillah.

Hauwa: To ni dai abin ya tsaya min a rai ne Sadiq. Kun san yadda ake ƙuri'ar jin ra'ayi, a bi mutane gida gida ko a kira su a waya a ce wa za ka zaɓa. To yanzu wasu sun ce ba sai an sha wannan wahalar ba, kawai a buɗe irin manhajojin AI ɗin nan masu hira, a ce mata ke manomi ne ɗan shekara 45, kana ƙauye, karatunka iya firamare, wa za ka zaɓa? Ta ba da amsa. A canza a ce yanzu ke budurwa ce 'yar jami'a. Haka za a yi ta yi har sau dubu, sai a haɗa lissafi a ce ga ra'ayin jama'a.

Bala: Wato jama'ar da ba a tambaya ba.

Hauwa: Ko mutum ɗaya Malam. Amma fa ba shirme ba ne gaba ɗaya, a 2023 masu bincike a jami'ar Brigham Young ta Amurka sun fitar da wani aiki, sun gwada da wata manhajar AI mai suna GPT-3, kuma amsoshin da ta bayar sun yi kusa sosai da yadda Amurkawa suka ce sun yi zaɓe a 2012 da 2016 da 2020.

Sadiq: Akwai ma na jami'ar Stanford a 2024, mutum 1,052, sai da aka yi hirar awa biyu da kowannensu sannan aka ba na'ura ta kwaikwaye shi, kuma ta kai kashi 85 na yadda su kansu mutanen suka iya maimaita amsarsu bayan sati biyu. Ni wallahi wannan ya burge ni.

Bala: Ka dai ji da bakinka Sadiq, awa biyu aka zauna da mutum tukuna. Kuma na farkon nan zaɓen da ya riga ya wuce ne, na 2012 da 2016 ma an rubuta su a intanet ba iyaka, na'urar ta haddace. Da aka zo na gaba fa? Kamfanin Aaru ya yi irin wannan a 2024 ya ce Kamala Harris ce za ta ci, Trump ya ci. Amma bar Amurka, dawo gida. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 jihar nan Atiku ta ba ƙuri'a mafi yawa, sama da dubu 550, Tinubu bai kai dubu 400 ba. Sati uku kacal, 18 ga Maris, a zaɓen gwamna, sai ga Uba Sani na APC ya kayar da Isa Ashiru na PDP da ratar da ba ta kai dubu 11 ba. Jiha ɗaya, PDP a Fabrairu APC a Maris. Ka gaya min manomi ɗan shekara 45 ɗin nan na na'ura, na Giwa ne ko na Kafanchan? Don ba abu ɗaya ke damunsu ba, kuma lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, mutum ya kwana a layin ATM, wannan haushin da shi ya tafi rumfar zaɓe.

Hauwa: Ni abin da ya fi damuna ma su waye na'urar ta koya a wajensu. Masu rubutu a intanet ne, yawanci da Turanci. Na taɓa yin aikin bin gidaje da takardar tambayoyi a Rigasa, na shiga wani gida maigidan na zaune kan tabarma a tsakar gida, duk tambayar da na yi wa matar shi ke amsawa ita tana tankaɗe tana cewa haka ne. Da aka kira la'asar ya fita, sai ta ajiye rariyar ta matso ta ce yarinya goge wancan, ni wanda zai gyara mana asibitin haihuwa zan zaɓa, don a cikin Keke Napep na haifi ɗana na ƙarshe. Matar nan ba ta da Facebook, ba ta taɓa rubuta komai a ko'ina ba, amma tana da katin zaɓe kuma ta fi mu sammakon zuwa layi. Ina na'ura za ta ji muryarta?

Sadiq: Gaskiya ne Anti. Amma a yi adalci, ko masu tambayar mutane na gaske sun sha ƙasa, ƙuri'ar ANAP da NOIPolls ta nuna Peter Obi ne a gaba kafin zaɓen 2023, ya zo na uku.

Bala: Eh amma su sun faɗa maka mutane da yawa ba su yanke shawara ba ko sun ƙi faɗa. Na'ura kuwa da wuya ta ce maka ba ruwanka da wanda zan zaɓa, amsa take bayarwa. Kuma ba ta san wa zai fito ba, wanda shi ne rabin zancen, a 2023 ko kashi 30 na masu rajista ba su fito ba. Tsorona 2027 ne, abin ya yi arha, yaron ɗan siyasa zai zauna a ɗaki da data ta dubu biyu ya haɗa jadawali mai kala ya watsa a WhatsApp ya ce bincike ya nuna, mutane su karaya su ƙi fita.

Hauwa: Ni na yarda a yi amfani da ita wajen gwada tambayoyi kafin a fita, a ga wacce ce ba ta fahimtuwa. Iyakarta ke nan a wajena.

Sadiq: To ga abin da zan yi, ranar Asabar zan shiga Kasuwar Barci in tambayi mutum ashirin me ya fi damunsu, sannan in ba na'ura siffofinsu ita ma ta amsa, mako mai zuwa mu ɗora su gefe da gefe. Anti za ki raka ni don matan?

Hauwa: In sha Allahu, amma mu je da safe kafin kasuwa ta cika.