Amsoshin Tambayoyinku: Wa zai kare ma'aikacin da ya tona almundahana?

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, ga mu a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Shehu. Wasiƙun da na ware yau duk na ma'aikatan gwamnati ne, kuma kowannensu ya roƙi a sakaya sunansa da na ofishinsa. Mun karɓi roƙon.

Ta farko daga wani bawan Allah ce a gabashin Sakkwato. Ya ce: "Malam, ni akanta ne a wata ƙaramar hukuma. Ina haɗa takardun albashi na ci karo da sunayen ma'aikatan bogi, har da na wani dattijo da ni da kaina na halarci jana'izarsa bara. Na rubuta wa maigidana, bai ce mini uffan ba. Ba a yi wata guda ba sai ga takardu biyu rana ɗaya. Ɗaya ta canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye a bakin iyakar Nijar, ɗaya ta tuhuma, wai na fitar da sirrin ofis. Akwai dokar da ta kare irina, ko in je in ba da haƙuri?"

Malam akanta, Allah ya saka maka da alheri. Ba zan rufe ka ba: kariyar da doka ta yi maka ba ta taka kara ta karya ba, amma akwai ta, kuma ya kamata ka san inda take.

A watan Disambar 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, lokacin Kemi Adeosun tana minista, ta fito da tsarin kwarmata bayanai. Mutane da yawa sun ɗauka doka ce. Tsari ne na gwamnati kawai, wanda wata gwamnatin za ta iya ajiyewa ba tare da ta je majalisa ba. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin kare masu fallasa a 2017, bai kai ga zama doka ba. A Disambar 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta sake amincewa da wani daftarin, shi ma wa'adin waccan gwamnati ya ƙare bai samu sa hannu ba. Wannan jan ƙafa abin kunya ne. An ce wa ƙaramin ma'aikaci ya fito ya yi magana, ya fito, aka bar shi a rana.

Abin da ke hannunka shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Sashe na 27 ya ce ma'aikacin da ya bayyana abin da yake da dalilin yarda cewa zamba ce, ko ɓarnatar da dukiyar jama'a, ko amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, ba za a kama shi da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ba, ko da bai nemi izinin kowa ba. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau. Kai kuwa ko waje ba ka kai maganar ba, maigidanka ka rubuta wa. To wane sirri ka fitar, kuma ga wa?

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Babu shugaban da zai rubuta cewa ya hukunta ka saboda ka tona sata. Ramuwar gayya a aikin gwamnati da rigar ƙa'ida take zuwa. Yau a ce ka makara, gobe a ce ka yi wa na gaba rashin kunya, jibi fayil ɗinka ya yi ɓatan dabo daidai lokacin ƙarin girma. Ko manya haka ake yi musu. A Fabrairun 2014 aka dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga kujerar gwamnan Babban Banki bayan ya yi zargin cewa kamfanin mai na ƙasa bai saka dala biliyan 20 a asusun gwamnati ba, amma dalilin da gwamnati ta bayar shi ne sakaci da kuɗin bankin. Saboda haka aikinka na farko, kada ka miƙa musu laifi na gaskiya da hannunka.

Ka amsa takardar tuhumar a rubuce, cikin wa'adin da aka ɗiba maka. Ban da zagi, ban da habaici. Ka faɗi ranar da ka ga sunayen, ranar da ka rubuta wa maigidanka, da ranar da takardun nan biyu suka iso. Jerin ranakun nan shi ne babban shaidarka, domin alƙali zai duba ya ga cewa shekara da shekaru ba a taɓa tuhumarka ba sai da ka yi magana. In ka kai amsar rajista, ka tafi da kwafi biyu, ka tsaya a gaban akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Kada ka yarda da "ajiye nan, zan shigar anjima". Kwafinka kuma a gida za ka adana shi, kada ya kwana a durowar ofis.

Batun canjin wurin aiki ya fi ciwo, kuma shi ya fi wuyar ƙalubalanta, tunda hukuma na da ikon tura ma'aikacinta inda ta ga dama. Duk da haka ka je ka kama aiki, ka sa hannu a rajista, sannan ka rubuta kokenka zuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi. In ka ƙi zuwa, za a rubuta ka gudu daga aiki, wannan kuwa laifin kora ne, kuma shi ake jira. In wurin na da haɗarin 'yan bindiga, kamar yadda muka sani game da wasu yankunan gabas, ka faɗi haka ƙarara a cikin koken.

In abin ya kai ga dakatarwa ko kora, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'ar aiki, kuma tana zama a nan Sakkwato. Kada ka yi sanya, domin lauyoyin gwamnati kan fake da wata tsohuwar doka da ta ce a shigar da ƙarar jami'in gwamnati cikin wata 3. Ana kuma yin nasara. Aaron Kaase na Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ya kai ƙorafi kan naira miliyan 275 a 2015, aka dakatar da shi, kotun nan ta ce a mayar da shi, ya koma aiki a 2018. Ntia Thompson, mataimakin darakta a wata hukuma ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, ya tona batun dala 229,000 a 2016, aka yi masa ritayar dole, sannan aka dawo da shi a 2017 bayan 'yan jarida da ƙungiyoyi sun matsa. Na kawo su ne don ka san ana dawowa, ka kuma san cewa na farkon ya kusa shekara 3 a waje. Ka zauna da iyalinka ku yi shawara tun yanzu. Haƙuri dai kada ka bayar a rubuce, domin takardar ban haƙuri amsa laifi ce.

Wasiƙa ta biyu daga wata 'yar'uwa ce, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti. Ta ce maganin da gwamnati ta kawo a raba wa mata masu juna biyu kyauta, ana fitar da shi da daddare a kai kemis. Ta ce: "Na ga mace ta kwance bakin zanenta tana ƙirga canji don sayen abin da nata ne. Na so in kai ƙara, mahaifiyata ta ce annamimanci ne, Musulmi ba ya tona asirin ɗan'uwansa. Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron a kore ni."

Malama, ki gaishe mana da Inna. Tsoron da take yi miki na uwa ne, kada ki yi mata gardama da ɗaga murya. Sai dai abin da malamai suka karantar da mu ya bambanta abubuwan nan biyu. Annamimi shi ne mai ɗaukar magana daga wannan ya kai wa wancan don ya haɗa su faɗa. Wanda ya kai ƙarar ɓarna wurin mai ikon hana ta ba ya cikin wannan sahu. Imam Nawawi ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kai kukan zalunci ga hukuma da neman taimako don kawar da abin ƙi. Rufin asirin da aka kwaɗaitar da mu ya shafi zunubin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa. Maganin nan kuwa haƙƙin waccan matar ce mai ƙirga canji, kuma Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara ya hana ɓoye shaida. Mu da muke zaune a garin Shehu Usmanu, wanda ya soki sarakunan zamaninsa kan karɓar gaisuwa da cin dukiyar talakawa, bai kamata a ce mu ne muke kiran mai gaskiya munafuki ba.

Sharaɗin kawai, ki faɗi abin da idonki ya gani, ki bar abin da kika ji a bakin wasu. Wace rana katan nawa ya shigo sito, me littafin rabo ya nuna. Kada ki ɗauke takardun asali daga ofis, za a juya maganar ta koma sata a kanki. Kada kuma ki fara da Facebook ko WhatsApp. Hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC da EFCC, duk suna da ofis a Sakkwato, kuma sashe na 64 na dokar ICPC ta 2000 ya wajabta ɓoye sunan mai ba da bayani. Amma zan gaya miki abin da doka ba ta rubuta ba: a asibitin da ma'aikatansa ba su da yawa, ko an sakaya suna ana iya gane mai magana. In akwai abokiyar aiki ko ɗan kwamitin unguwa da ya ga abin da kika gani, ku tafi tare.

Wani matashi kuma daga Tambuwal ya tambaya ko gaskiya ne ana ba mai fallasa lada. Gaskiya ne, ɗan'uwa. Tsarin 2016 ya tanadi kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari, amma sai bayaninka ne ya kai ga ƙwato kuɗin, kamar dala miliyan 43 da EFCC ta gano a wani gida a Ikoyi ta Legas a Afrilun 2017. Ka kuma sani cewa sashen nan na 64 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya kai bayanin da ya san ƙarya ne.

Ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai, domin marubucinta ba shi ya tona komai ba. Dattijo ne da ya rage masa kaɗan ya yi ritaya. Ya ce an sa shi a kwamitin ladabtar da wani yaro a ma'aikatarsu, yaron da ya ƙi sa hannu a takardar biyan kwangilar da ba a yi ba. Ya ce: "Tun ba mu zauna ba aka kawo mana rahoton a buge, sa hannu kawai ake so. In na ƙi, ina tsoron fanshona da garatutina."

Baba, ranka ya daɗe, na fahimci tsoronka, duk wanda ya ga 'yan fansho a layin tantancewa ba zai raina shi ba. Amma shugaba shi kaɗai ba ya iya korar yaron nan. Sai ya samu mai buga takarda, mai ɓatar da fayil, da dattawa irinku da za su sa hannu don abin ya yi kama da shari'a. Sunanka ake nema saboda mutane sun san ka da mutunci.

Ba sai ka yi faɗa da kowa ba. Ka nemi a kira yaron ya kare kansa, a nuna masa abin da ake zarginsa da shi, a ba shi lokaci ya amsa. Wannan haƙƙi ne da sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa, kuma kotuna sun sha rushe kora saboda an tsallake shi. In ka faɗi haka, kana kare ma'aikatar ne daga shari'ar da za ta faɗi, babu mai cewa ka yi tawaye. In sauran 'yan kwamiti suka nace, ka ce a rubuta a bayanin zama cewa ba ka amince ba, da dalilinka, ka karɓi kwafi. Fanshonka haƙƙi ne da sashe na 210 na tsarin mulki ya kare ga ma'aikacin jiha, ba a taɓa shi don mutum ya saɓa wa ra'ayin kwamiti. Ana iya ja maka rai, wannan ba na musu, kuma in an yi haka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofis a nan garin, ba a biyan ko kwabo wajen shigar da koke. In kuma an hana yaron albashi, ku 'yan ofis ku riƙa leƙa gidansa da ɗan abin cefane, ku amsa sallamarsa a bainar jama'a.

Lokaci ya cimma mana. Masu tambaya kan jinkirin ƙarin girma, wasiƙunku sun iso, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.