Amsoshin Tambayoyinku: Rabin Rubu'i Nawa Ne?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Wasiƙar farko daga wata malamar firamare ce a Argungu. Ta ce ɗalibanta sun haddace ƙa'idar ninka lambobi irin su 1/2 da 1/4, a ninka lambar sama da ta sama, ta ƙasa da ta ƙasa, amma wani yaro ya tsare ta da tambaya: yaya 1/2 sau 1/4 zai ba da 1/8, alhali shi ya san ninki ƙaruwa yake kawowa?

Malama, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ki riƙe shi da kyau. Tun daga aji biyu kunnensa ya saba da "sau" yana ƙara abu, shi ya sa. Ki sa su riƙa karanta 1/2 sau 1/4 da cewa "rabin rubu'i". Da an ce rabin abu, kowa ya san raguwa ce. Ki ba kowa takarda ya ninke ta sau biyu, gida huɗu ke nan. Ya ƙara ninkewa sau ɗaya, ya buɗe ya ƙirga, zai ga takwas da idonsa. Kuma ai sun ji wannan a Islamiyya wajen rabon gado: mace tana da rubu'i idan mijin bai bar ɗa ba, idan ya bari ta koma sumuni. To sumuni shi ne rabin rubu'i.

Ta biyu daga wani magidanci a Talata Mafara. Ɗansa ya ce 2½ sau 1½ ya zama 2¼, malami ya kashe masa, shi kuma bai ga laifin ba.

Malam, gaskiyar malamin ce. Yaron ya ninka 2 da 1, ya ninka rabi da rabi, ya bar sauran a hanya. Ka ce uwargida na dafa tiya biyu da rabi ta shinkafa, an yi baƙi, za ta ƙara rabin abin da ta saba, wato 2½ sau 1½ ke nan. Rabin 2½ shi ne 1¼, a haɗa, 3¾. Ta yaya girkin baƙi zai gaza na kullum? A takarda kuwa, ya fara mayar da 2½ zuwa 5/2, 1½ zuwa 3/2, ya ninka ya sami 15/4. Huɗu na shiga 15 sau uku, saura uku, ga 3¾ ɗin nan dai. Yau da dare ka ɗauko tiya da kwano ku auna tare.