Yadda ake gyara ƙoƙon kan barewa mai ƙahon karammiski

Kan da za mu gyara a nan don ado na namijin barewar Amurka ne, mai farar wutsiya, wanda maharba suka samu a farkon Satumba. Ƙahonsa ƙashi ne da ke faɗuwa duk shekara ya sake tsirowa. Lokacin da yake girma, wata fata mai laushin gashi kamar karammiski ce ke lulluɓe shi, cike da jijiyoyin jini. Fatar nan ɗanyen nama ce. In da zafi, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta fara wari, gashin ya soma zubewa.

To ga wahalar aikin. Ƙoƙon kai ruwan zafi yake so, karammiski kuwa zafi da danshi ne ajalinsa.

Tun daga daji, kada a kama ƙahon da hannu, kada a ja dabbar a ƙasa. Duk inda ya gurje, ya gurje ke nan. A kai kan dabbar inuwa, in da hali a sa a firiza ran nan.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a raba ƙahon da ƙoƙon. A sa zarto mai ƙananan haƙora a yanke kowane ƙaho daidai ƙasan gindinsa, bayan an yi alamar da za ta nuna yadda yake zaune.

A fara da ƙahon. A huda kowane tsini da allura, a rataye shi tsinin na kallon ƙasa. A ɗebi fomalin, wato sinadarin da ke hana nama ruɓewa, a sirinji, a riƙa ɗurawa cikin manyan jijiyoyi daga gindi, har jinin da ke ɗiga daga tsinin ya koma ruwa garau. Nan fa ake gaggawa a yi asara: jijiya ɗaya da aka tsallake, wurin zai ruɓe daga ciki, ba za a gane ba sai ya yi baƙi ya motse. A bi kowane reshe, sannan a shafa fomalin a bayan ƙahon da burushi mai laushi. Fomalin guba ne, sai da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska. A bar ƙahon makonni ya bushe a inuwa.

Sai ƙoƙon. A feɗe fata, a cire idanu, muƙamuƙin ƙasa da ƙwaƙwalwa. A dafa a ruwan da bai kai ga tafasa ba, wajen digiri 80 a ma'aunin Celsius, awa biyu zuwa uku, ana kankare nama. In ya tafasa sosai haƙora su zube, siraran ƙasusuwan hanci su farfashe. Daga nan a jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ana canjawa har maiƙo ya daina tasowa. Wanda ya tsallake wannan, bayan watanni zai ga tabo ruwan ɗorawa ya fito.

Don ya yi fari, a shafa haidurojin feroksaid mai kashi 12 cikin ɗari, a naɗe da leda, ya kwana. Ban da bilic, yana cin ƙashi ya bar shi yana gari.

Idan komai ya bushe, a huda gindin ƙaho da mazauninsa, a zura guntun ƙarfe, a haɗa da gam mai ƙarfi bisa alamar nan. A taje gashin a hankali, a rataye nesa da rana da murhu, a riƙa duba shi saboda asu.