Wane bincike za a sa gaba? Lacca kan yadda masanan rana ke tsara shekaru goma

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa, sannunku da zama.

Bari in fara da wani dattijo. Ranar 12 ga Agusta 2018, Eugene Parker yana da shekara 91, yana zaune a Florida ta Amurka da tsakar dare yana kallon roka ta ɗaga da kumbon da aka sa wa sunansa, Parker Solar Probe. Shi ne fa tun 1958 ya rubuta cewa rana kullum tana huro wata iska ta ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke ratsa sararin samaniya, lokacin masana da yawa suka ƙi yarda. Kuma a wannan shekarar ta 1958 ne wani kwamitin masana a Amurka ya ba da shawarar a tura kumbo kusa da rana. Ku lissafa, shekara 60 kenan tsakanin shawara da tashi, don a lokacin babu garkuwar da za ta jure zafin wurin. Ranar 24 ga Disamba 2024 kumbon ya matso har kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana yana gudun kusan kilomita 690,000 a awa ɗaya, amma Parker bai ga wannan ba, ya rasu a 2022.

To kun ga irin fagen da muke magana a kai. Ita kanta rana zagayen tashin hankalinta da lafawarta kusan shekara 11 ne, gina kumbo ɗaya kuma yakan ci shekara goma ko fiye, in ka yi kuskuren zaɓi yau sai 'ya'yan ɗalibanka su biya. Shi ya sa a Amurka suka ce ba za a bar abin ga wanda ya fi baki ko ya fi kusa da gwamnati ba. Duk shekara goma, majalisar manyan masana kimiyya ta ƙasar takan haɗa kwamiti, hukumomi irin su NASA ta binciken sararin samaniya da NSF mai tallafa wa binciken kimiyya da NOAA mai kula da yanayi su ɗau nauyi, masu bincike su turo ɗaruruwan takardu kowa na cewa nawa ne ya fi muhimmanci, a zauna a yi ta ja-in-ja kusan shekara biyu, a kuma ba wasu na waje su duba ko kuɗin da aka ce aikin zai ci gaskiya ne, sannan a fito da jeri: wannan farko, wannan na biye, in kuɗi ya gaza ga wanda za a jinkirta. Na fannin rana an yi shi sau uku, akwai na 2003, da na 2013 wanda Daniel Baker ya jagoranta, sai na baya-bayan nan da ya fito a Disamba 2024 ƙarƙashin Robyn Millan da Stephen Fuselier.

Wahalar aikin fa ba wajen samun tambaya mai kyau take ba, tambayoyi sun yi yawa. Fuskar rana zafinta kusan digiri 5,500 ne, amma farin hasken nan da ke kewaye da ita wanda ake gani lokacin husufi ya haura digiri miliyan ɗaya. Yaya za a yi ka ja baya daga murhu zafi ya ƙaru? Har yau ba a gama warware wannan ba. Wahalar ita ce ka dubi abokin aikinka da ya ba abu shekara ashirin na rayuwarsa ka ce masa bana ba naka ba ne. Kuma ko an sa ka a jeri ba shike nan ba. Rahoton 2013 ya nemi a yi IMAP, kumbon da zai binciki iyakar inda iskar rana ke kaiwa, an harba shi a Satumba 2025. Ya kuma nemi GDC, jerin taurarin ɗan adam da za su auna saman iskar duniya, NASA ta dakatar da shi a 2023 saboda kasafin kuɗi.

Wannan na GDC yana ci min rai sosai, don a daidai wannan yankin ne a Fabrairu 2022 wata guguwar rana wadda ba ma babba ba ta sa iska ta kumbura, ta ja taurarin Starlink 38 cikin 49 da aka harba sabbi fil suka faɗo suka ƙone. A 13 ga Maris 1989 guguwa ta ɗauke wutar Kwibek ta Kanada na awa tara, mutum miliyan shida. A Mayun 2024 manoman Amurka GPS ɗin taraktocinsu ya rikice ana tsakiyar shuka. Ta 1859 kuwa da Richard Carrington ya ga walƙiyarta, wayoyin tangaraho ne kawai ta samu ta gigita, yau da ta samu me da me?

To ni ra'ayina, kuma ina faɗa da zuciya ɗaya, abu na farko da bai kamata a taɓa ba shi ne masu gadi. Akwai wani wuri kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana, nan ake ajiye kumbunan da ke ɗanɗana iskar rana kafin ta iso mana, gargaɗin da suke bayarwa daga minti 15 ne zuwa awa ɗaya. Kumbon SOHO tun 1995 aka harba shi, na ACE tun 1997, sun daɗe da wuce wa'adin da aka gina su don shi. Irin wannan aikin ba ya kawo lambar yabo, awo ne kullum kullum, amma in aka sami giɓin shekara biyu a bayanan babu kuɗin da zai dawo da su.

Na biyu, ƙuryar arewa da ƙuryar kudu na rana. Mu duk daga gefe muke kallonta, kamar mai kallon tulu daga gefe bai taɓa leƙa bakinsa ba, alhali a can ne maganaɗisunta ke juyewa duk zagaye, kuma ƙarfinsa a can lokacin da rana ta lafa shi ne mafi kyawun alamar yadda zagaye na gaba zai kasance. Kumbon Ulysses da aka harba a 1990 ya bi ta Jupita ya karkata ya wuce ta saman wuraren, amma babu kyamarar ɗaukar hoton rana a jikinsa. Sai a 2025 Solar Orbiter na Turai ya ɗauko hoton farko na ƙuryar kudu, shi ma daga karkacewar digiri 17 kawai. Rahoton 2024 ya sa kumbon da zai zagaya ta can sosai cikin manyan ayyukansa, tare da wani jerin taurari mai suna Links da zai auna garkuwar maganaɗisun duniya daga wurare da yawa lokaci guda. Ɗalibai, in an samu kuɗin, wasu daga cikin tsaranku ne za su zauna gaban kwamfuta ranar da hotunan za su sauko.

Zan tsaya nan. Wa zai fara tambaya?