Fim ɗin aljanun da aka yi shekara 30 ana nema

Ɗan wasan nan William Shatner ya taɓa fitowa a wani fim ɗin aljanu, tun kafin ya yi suna a shirin talabijin na Star Trek. A 1966 aka fitar da fim ɗinsa mai suna Incubus, baƙi da fari, labarin wata aljana da ta gaji da halaka fasiƙai, ta ƙyalla ido kan wani soja mutumin kirki. Kuma daga farko har ƙarshe da Esperanto aka yi magana, yaren nan da wani likitan ido, Zamenhof, ya ƙirƙira a 1887. Masu jin yaren ma dariya suka yi ta yi wa lafazin 'yan wasan.

A Amurka fim ɗin bai samu kasuwa ba. Faransa ce ta ɗan nuna shi, daga nan sai ya yi ɓatan dabo. Sai 1996 aka gano kwafi guda a ma'ajiyar Cinémathèque Française da ke Paris, ya tsufa, ga fassarar Faransanci a jikin hoton wadda ba ta goguwa. Da aka fitar da shi a DVD a 2001, dole aka rufe rubutun da baƙin layi, aka ɗora Turanci a kai. Masu tara irin waɗannan tsofaffin finafinan ban tsoro ba su damu ba, ai da babu gara ba daɗi.

Gaskiya da yawa daga cikin finafinan ba wani labarin kirki gare su ba. Amma rashin kuɗi ya sa masu shirya su suka dogara da inuwa da hazo da shiru, kuma wannan tsoron ya fi zama a rai.

Wani abin da ke ƙara musu daraja kuwa ƙarancin kayan ne. Tsohon faifan nitiret, wanda ake ɗaukar fim a kai a da, yana kama wuta kamar fetur. A 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya ce kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa sauti sun salwanta. London After Midnight na 1927 yana cikinsu, kwafinsa na ƙarshe ya ƙone a gobarar rumbun kamfanin fim na MGM a shekarun 1960. A 2014 aka sayar da fostarsa a gwanjo kan dala 478,000. Takarda kawai, fim ɗin kuwa babu.

Shi ya sa wanda ya san harkar, in ya samu tsohon gwangwanin fim, sansanawa yake fara yi. In ya ji tsami ya bugi hancinsa, faifan ya fara ruɓewa, sai a raba shi da sauran kafin ya shafe su.