Yarinyar da ke ji wa kanta ciwo: me ake yi a zaman rukuni?

'Yar shekara 15 ba ta rabo da riga mai dogon hannu, ko da rana ta take. A Jos sai a ɗauka sanyi ne. Wani lokaci kuwa tabo take ɓoyewa.

Yawancin 'yan matan da ke ji wa kansu ciwo ba mutuwa suke nema a lokacin ba. Abu ne ya tokare musu ƙirji, fushi ko kunya ko baƙin ciki, sai zafin fata ya ɗan danne na zuciya. Sauƙin na 'yan mintoci ne, shi ya sa ake komawa. Amma ɗabi'ar tana ƙara haɗarin kashe kai, don haka sai likitan ƙwaƙwalwa ya fara ganin yarinya ita kaɗai kafin a sa ta cikin rukuni, wato zaman jinya tare da wasu matasa masu irin matsalarta.

Tsarin da aka fi gwadawa a kan wannan matsala shi ne DBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa da koyar da dabarun shawo kan damuwar zuciya. Marsha Linehan ta Jami'ar Washington a Amurka ce ta fitar da littafinsa a 1993, daga baya Alec Miller da Jill Rathus suka daidaita shi da matasa, suka shigo da iyaye ciki. Ana zama sau ɗaya a mako, kamar awa 2, tsawon wata 4 zuwa 6, da jagorori biyu. Kamar aji ne: a duba aikin gida, sannan a koyi sabuwar dabara. Kowace yarinya tana da kati da take cikewa kullum, ta auna ƙarfin sha'awar cutar da kanta daga 0 zuwa 5.

Ga dabara ɗaya, ta lokacin da abin ya kai maƙura. A cika roba da ruwan sanyi (a hunturun Jos ma ruwan randa ya isa), ta riƙe numfashi, ta tsoma fuska har zuwa daƙiƙa 30. Sanyin yana rage bugun zuciya nan take. Sai ta ja numfashi tana ƙirga 4, ta sake shi tana ƙirga 6. Mai ciwon zuciya ko mai ƙin cin abinci kada ta yi sai da izinin likita.

Dokar da ba a wasa da ita: ba a nuna tabo, ba a faɗin yadda aka yi. Dalili kuwa, abin yana yaɗuwa tsakanin ƙawaye. A nan rukuni ya fi lalacewa, musamman in 'yan matan suka buɗe nasu zauren WhatsApp, kowace ta zama likitar 'yar'uwarta da ƙarfe 2 na dare.

Iyaye ma ɗalibai ne. "Me aka rage ki da shi a gidan nan?" rufe bakin yarinya yake yi. Dukan yarinya da yayata ta a dangi ɓoyewa suke koya mata. Abin da ake so uwa ta iya faɗa shi ne, "Na ga abin ya yi miki nauyi, zo ki zauna kusa da ni." Wannan ba amincewa da ɗabi'ar ba ne. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti.

In ta ambaci mutuwa, ko ciwon ya yi zurfi, ba a jiran ranar zama. Kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe magunguna da duk abin da zai iya cutar da ita, a kai ta sashen gaggawa mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.